Jadawalin da Zai Kai Ranar Jumu'a

Ƙanena, ƙanwata, akwai wata takarda da kusan kowane ɗalibi ya taɓa rubutawa. Yawanci a daren Lahadi ake zama a kanta, ko a farkon zangon karatu, ko ranar da sakamakon jarrabawa ya fito bai yi daɗi ba. A ɗauko rula a ja layuka, a raba kwana bakwai gida-gida, sannan a bi kowane gida a cusa masa aiki: ƙarfe huɗu tashi, huɗu da rabi lissafi, bayan asuba hadda, dawowa daga makaranta Turanci, bayan isha'i kimiyya har sha biyun dare. A liƙa a bango kusa da katifa. Litinin a bi ta da zafi. Talata a makara. Laraba a yi rasuwa a layinku, ko Baba ya aike ka kasuwa ka ƙare yini a can. Kafin Jumu'a ta zagayo, takardar ta zama abin da ake kawar wa kai in an shigo ɗaki.

Mutuwar takardar ba ta dame ni sosai ba. Abin da ke damuna shi ne hukuncin da yaro ke yanke wa kansa bayan haka: ni rago ne, ba na iya riƙe abu, tsari ba nawa ba ne. Masu ƙwazo da yawa sun daina tsara komai saboda wannan, alhali matsalar daga jadawalin take. An rubuta shi ne don wani mutum da babu shi, wanda ba ya gajiya, ba a aikensa, ba a ɗauke masa wuta, ba shi da ɗan'uwan da zai kwanta asibiti. Kai kuwa a cikin mutane kake zaune, kuma makonka yana da masu haƙƙi a kansa tun kafin ka ɗauki biro.

Saboda haka fara da lissafi, buri ya biyo baya. Mako awa 168 ne, ga sarki ga talaka. Mu ɗauki ɗan sakandare mai shirin WAEC ko JAMB a gari kamar Kano ko Zariya. Barcin awa takwas kullum ya cinye 56. Makaranta daga Litinin zuwa Jumu'a, ka ce 30. Hanya, zuwa da dawowa, da jiran A Daidaita Sahu, da cunkoso, ka ba ta 8. Salloli biyar da alwala da takawa zuwa masallaci, kamar 10. Cin abinci da wanka da wanki da guga, 14. Islamiyya, 10. Aike da aikin gida ko zaman shago, 10 in an sassauta. Haɗa ka gani: 138. Saura 30. Naka lissafin zai bambanta da wannan, wataƙila da nisa, amma ka yi shi da hannunka. Sai ka ga adadin da idonka sannan za ka yarda cewa abin da ke hannunka awa huɗu ne da 'yan mintuna a yini, ba goma sha biyun da takardar bango ta ɗauka ba. Kuma a cikin huɗun nan ne hutu yake, da hira, da ziyara, da duk abin da zai faɗo ba shiri.

Kakanninmu ba su ja layi da rula ba, amma makonsu a tsare yake, kuma tsarin nasu ya fi namu daɗewa a raye. Mai fataucin dabbobi ya san Alhamis ta Maigatari ce, Jumu'a ta Wudil, Lahadi ta Ɗambatta ko Mai'aduwa. Ba ya sa wata hidima a ranar kasuwarsa, kuma ranar da ke gabanta ta shiri ce. A gidan noma, 'ya'ya kan yi aikin gandu da safe, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa, don a san lokacin gida a san lokacin mutum. Makarantar allo kuwa, duk tsananinta, ta ware Alhamis da Jumu'a ta ce hutu ne, har malamai na jingina asalin wannan hutu ga zamanin Halifa Umar. Lura da abin da suka yi. Sun kafe abubuwa kaɗan waɗanda ba a taɓawa, suka bar sauran a sake, kuma hutun nasu a cikin tsarin yake tun farko, ba sai jiki ya gaza ba. Wannan shi ne abin da nake so ka kwaikwaya.

Wurin da kusan kowa ke faɗuwa shi ne ƙiyasi. Shiga shagon tela saura kwana goma sallah. Yadi jibge har bakin ƙofa, kowanne da sunan mai shi an rubuta da alli, janareto na kuka a waje, yara biyu na ta guga. Wani ya shigo da shadda a leda, tela ya ɗaga kai daga keke ya duba, ya ce, “Ajiye, jibi ka zo.” Wallahi ba da niyyar ƙarya ya faɗa ba. A ransa ya auna yanka, ya auna ɗinki, ya ga jibi ta isa. Bai auna man janareto da zai ƙare ba, bai auna mai aikin wuya da zai riƙe rigar kwana biyu ba, bai auna yaron shago da zai wayi gari da zazzaɓi ba. Bara ma haka ta faru da shi, da bara waccan, amma kowace shekara gani yake ta bana daban ce. Ranar jajibere sai ka ga mutane tsaye a ƙofar shagon ana ta ba da haƙuri.

Dukkanmu haka muke yi wa kanmu. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana wannan ɗabi'a tun 1979: mutum kan auna aikinsa da yadda zai tafi in komai ya yi daidai, ya manta da yadda irinsa ya saba tafiya. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa sun gwada abin a kan ɗaliban jami'a a Kanada masu rubuta kundin kammala digiri. Aka tambaye su kwana nawa zai ɗauke su. A matsakaici suka ce kusan 34. Aka ce to, in komai ya lalace fa? Suka ce kusan 49. Da aka zo gamawa, matsakaicin ya haura kwana 55. Wato ko mafi munin abin da suka iya hasashe bai kai abin da ya auku ba. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Maganin wannan ba ya buƙatar wayo, gaskiya yake buƙata. Kafin ka rubuta jadawali, ɗauki mako guda kana rubuta abin da ya faru, ba abin da kake fata ba. Ƙaramin littafi a aljihu ya isa. Ƙarfe nawa ka tashi, ƙarfe nawa ka iso gida, babi ɗaya na ilmin sinadarai ya ci minti nawa, shafi ɗaya na hadda ya zauna a zama nawa. Za ka sha mamaki, kuma wani wurin ba zai yi maka daɗi ba. Daga nan, duk aikin da za ka sa a mako, tambayi kanka nawa ya ci wancan karon, ka ba shi wannan lokacin. In sabon aiki ne da ba ka taɓa yi ba, ɗauki abin da zuciyarka ta ce ka ƙara rabinsa a kai.

Sai maganar da ta fi kowacce wuyar karɓa ga mai zafin nema: kada ka cike gidajen. A cikin awa talatin ɗin nan, ko nawa lissafinka ya ba ka, ka sa wa kashi biyu cikin uku aiki, ka bar kashi ɗaya babu komai. Gurbin nan ba asara ba ne, na mutane ne da na ƙaddara. Jana'iza ba ta aiko da sanarwa tun jiya. Baƙo daga ƙauye ba ya tambayar ko kana da lokaci. Akwai littattafan sarrafa lokaci da aka rubuta don mutumin da ke da ɗakinsa shi kaɗai, da ƙofar da zai kulle ba wanda zai ce masa don me. Wasu shawarwarinsu na da amfani, amma in ka ɗauke su ɗungurungum za su koya maka ganin 'yan'uwanka a matsayin masu ɓata maka lokaci, kuma wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Ni dai ban ga ribar karatun da zai hana mutum raka gawar maƙwabcinsa ba. Wanda ya bar gurbi kan tafi jana'izar da natsuwa, ya dawo ya tarar makonsa bai rushe ba. Wanda ya cike ko'ina kuwa, ko ya je yana jin haushi, ko ya ƙi zuwa yana jin kunya.

Amma kuma kada mu yi wa zumunci ƙazafi. Yawancin hidimominsa sanannu ne tun da wuri. Ranar da aka haihu ka san ranar suna. Katin ɗaurin aure kan iso makonni kafin ranar. Irin waɗannan a shigar da su tun ranar tsara mako, a ba su har da lokacin hanya da na zaman jiran ango. Sannan ka ware wani lokaci guda, misali yammacin Asabar, ka ce wannan na ramuwa ne: duk abin da ya kuɓuce daga Litinin zuwa Jumu'a nan zai sauka. In babu abin da ya kuɓuce, lokacin naka ne, ka yi abin da ranka ke so ba tare da nauyin zuciya ba.

Me za a zuba a sauran? Abu uku manya sun ishi mako, wani lokacin ma biyu. Kuma a rubuta su yadda za a iya cewa an gama ko ba a gama ba. “Karatun lissafi” ba ya ƙarewa, don haka ba ya farawa. “Tambayoyin JAMB na lissafi na shekara biyu, da gyaran inda na faɗi” aiki ne mai kai da ƙafa. Mai koyon ɗinki ya rubuta “in iya haɗa wuya ba tare da Oga ya farke ba”. Mai ƙaramar sana'a ta rubuta “in bi bashin mutum uku, in rubuta cinikin kullum”.

Wajen sa musu lokaci, muna da abin da wasu al'ummu ba su da shi: an riga an yanka mana yini gida biyar. Ɗaura aikinka a jikin salla maimakon agogo. “Ƙarfe huɗu da kwata” kan wuce ba ka sani ba, amma ba yadda za a yi la'asar ta wuce ba ka sani ba, ladan zai kira, za ka tashi, za ka yi alwala, kuma mafi wuyar kowane aiki shi ne tashin. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya daɗe yana nuna cewa wanda ya faɗi yaushe da kuma a ina zai yi abu ya fi wanda ya tsaya a kan niyya kawai cikawa. To ka ce: in na sallame la'asar, ba zan biya majalisa ba, zan zauna a zaure da littafin tambayoyi har a kira magariba. Wani amfanin kuma, lokutan salla na tafiya da rana. A Kano, tsakanin magaribar watan Nuwamba da ta watan Yuli akwai kusan awa guda. Jadawalin da aka ɗaure da salla shi ke gyara kansa.

Ka kuma san cewa awa ba ɗaya take da awa ba. Ta bayan asuba, gari da sanyi, gida shiru, waya ba ta fara ƙara ba, ta fi biyu na bayan azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi a Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, kwanon ɗaki na huci, ƙwaƙwalwa ta ƙi ɗaukar komai. Ba wa safiya aikin da ya fi nauyi, wanda kake gudu. Tsakar rana a yi ƙailula, ko wanki, ko kwafar rubutu. Aikin da ke buƙatar lantarki, kamar guga ko cajin kwamfuta, kada a kafe masa lokaci, a ajiye shi a gefe a ce duk sa'ad da aka kawo wuta. Karatun dare kuwa a tanadar masa fitila mai caji, don kada NEPA ta zama ita ke yanke hukuncin makonka.

Ga ɗalibi musamman, rarraba darasi ya fi tara shi. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya auna yadda mantuwa ke aiki, ya ga mafi yawan abin da mutum ya haddace kan zube ne a farko-farko, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi maimaitawa a zama ɗaya kama ƙwaƙwalwa. Alarammomi sun riga shi sanin haka a aikace, shi ya sa ba su wasa da tilawa: izu biyu a kullum, a sauke sittin a wata, kuma haddar ta zauna. Minti arba'in na lissafi sau huɗu a mako ya fi awa uku a jere ranar Lahadi, ko da yake jimillar kusan ɗaya ce.

Ƙanwata, ke lissafinki daban ne, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba a sani ba. Inda yayanki ya rubuta awa goma na aikin gida, ke wataƙila ashirin ne ko fiye: shara, wanke-wanke, girki, raino, ɗiban ruwa. Sannan aikinki ba ya zuwa a dunƙule, kira ne bayan kira. Kada ki auna kanki da jadawalinsa. Abin da zai fi yi miki amfani shi ne magana da Umma tun farkon mako, a lokacin da hankalinta ke kwance, ba a tsakiyar girki ba. “Umma, jarrabawa ta matso. In na gama shara da wanke-wanke tun da safe, ko za a bar mini daga la'asar zuwa magariba ranar Litinin da Laraba?” Uwa da yawa za ta amince, domin an nemi izininta, kuma an nuna mata aikin ba zai kwana ba. Awa biyu da gida ya sani kuma ya yarda da su sun fi shida da ake sata ana tsoron kira. Kai kuma ƙanena, in kana da ƙanwa mai shirin jarrabawa, ɗaukar mata jarkar ruwa ko zuwa cefane ba zai rage ka da komai ba.

Haka ma aiken Baba. Ba a ce wa mahaifi ba ni da lokaci. Amma ana iya cewa, “Baba, in tafi yanzu, ko in bari sai an yi la'asar in haɗa da saƙon Inna?” Sau da yawa aiken ba na gaggawa ba ne, kawai dai kai aka gani a zaune.

Kada ka ɓoye wa jadawalinka abin da ka san za ka yi. In kai mai kallon ƙwallo ne, ka san Gasar Zakarun Turai yawanci daren Talata da Laraba ake bugawa, Firimiyar Ingila yawanci Asabar da Lahadi. Wasa ɗaya kusan awa biyu ne, ban da musun da ke biyo baya a teburin mai shayi. Rubuta “kimiyya” a daren da ƙungiyarka ke wasa yaudarar kai ce. Zaɓi wasa ɗaya ko biyu, ka rubuta su ƙuru-ƙuru, ka je ka kalla da daɗin rai, sauran ka ji sakamako da safe. Waya ce ta fi wuyar kamawa, don ba ta cin lokaci a dunƙule, tsakura take yi. Yawancin wayoyin zamani na da wurin da ke nuna awa nawa ka yi a WhatsApp da TikTok da Facebook. Buɗe ka duba na mako guda. Mutane da yawa a nan suke gano inda awa talatin ɗinsu ta shige. Ban ce ka jefar da ita ba, a ciki ake ciniki, a ciki ake karatu. Amma lokacin da ka ware wa aiki mai nauyi, bar ta a wani ɗakin.

Barci kuwa kada ka taɓa shi. Shi ne wurin farko da mai tsara jadawali ke kai wa wuƙa, don ba ya ƙorafi nan take. Likitocin barci sun ce matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10, babba kuma aƙalla 7. Mu da muke tashi asuba, wannan na nufin kwanciya da wuri, a cike gibin da ƙailula. Awar da ka sata daga dare za ka biya ta gobe a aji, kana gyangyaɗi malami na bayani, ko a kan babur, wanda ya fi haɗari.

Ka sa ranar dubawa, minti ashirin kacal, yammacin Jumu'a ko daren Asabar. Duba abin da aka yi da wanda ba a yi ba, ba don ka zagi kanka ba, don ka gane dalili. In aiki ya tsallaka mako uku a jere ba a taɓa shi ba, ɗayan biyu ne: ko ya yi girma a farfasa shi, ko ba ka shirya masa ba a cire shi a daina ɗaukar nauyinsa. In ka cika kashi bakwai cikin goma, makon ya yi kyau. In kullum goma kake cikawa, ƙara kaya kaɗan. In uku kake samu, rage, kuma kada ka ji kunyar ragewa. Rubuta da fensir, a ƙaramar takarda da za ta shiga aljihu.

Kuma jadawali ɗaya ba ya ɗaukar shekara. Na damina daban ne ga wanda ke zuwa gona, na lokacin hutu daban, na makon jarrabawa daban. In azumi ya matso, zauna ka sake sabo gaba ɗaya: karatu mai nauyi ya koma bayan sahur da asuba, tsakar rana a sassauta, yamma ta tafsiri ce da hidimar buɗa-baki, dare na tarawihi. Goman ƙarshe kuwa, da tahajjud da shirin sallah, kada ka ɗora musu wani babban aiki, abin da ya kamata a gama a gama shi kafin ashirin ga wata.